Hoton Turmin Inna

Bukkuyum, 6 ga Maris, 2017

Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki da 'yata Shamsiyya. Ya Kaduna, ya zafi? Mu nan lafiya lau, sai dai ɗana Faruku yana haƙori, ya hana kowa sakat.

Wayar da kika aiko ta iso ta hannun Malam Labbo direba, Allah ya saka da alheri. Kada ki yi dariya don kin aiko waya na amsa da takarda. A unguwarmu sai an fita bakin kasuwa ake samun sabis, ni kuwa ba fita nake yi ba, maigidana Sufyanu ne zai riƙa tafiya da ita yana tura abin da na ajiye. Kuma a littattafan da nake karantawa, duk maganar da ta fito daga zuciya a takarda ake yin ta. Bar ni in ji daɗi ko sau ɗaya.

Ga maganar. Tun da hanyar Zugu ta lalace da 'yan bindiga, kabu-kabun Sufyanu ya ja baya. Wani lokaci yakan wuni a gindin bishiyar bedi bai ɗauki kowa ba, ya dawo ya zauna yana kallon mashin. Ina ganin damuwarsa.

Kin tuna garin kunun da nake yi wa Faruku, wanda kika ɗanɗana a bikin Gummi kika ce matan Kaduna za su yi rububinsa? Gero ne da gyaɗa da waken suya da dabino, duk a turmi nake dakawa. In da gaske kike, ki koya mini yadda ake ciniki a waya. Inna ta ce sai an hau kaka uku kafin a haɗa ni da ke, amma ni ba ni da wata yaya sai ke.

Ƙanwarki,
Zinatu

*

Kaduna, 15 ga Maris, 2017

Ƙanwata Zinatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Shamsiyya ta fara rarrafe. A shafa mini kan Faruku. Na yi dariyar kuwa, har maigida ya tambaye ni wane saurayi ne ya aiko mini da wasiƙa.

Da gaske nake. Shekara uku ina sayar da atamfa ba ni da shago, wayata ce shagona. Na buɗe miki shafi a Instagiram, na sa masa suna Garin Kunun Gida. Ni zan riƙe shi daga nan, ke kuma ki daka ki turo hoto.

Ki saurara da kyau. Hoto a tsakar gida za ki ɗauka da hantsi, ba a ɗaki ba, kuma ki goge idon wayar da bakin mayafi tukuna. Kada ki ɗauki leda kawai, kowa yana da leda. Matan birni sun gaji da garin inji, abin da suke nema shi ne abin da babu a wurinsu: hannu, faifai, rariya, turmi. Ki rubuta ɗan labari a ƙarƙashin kowane hoto, a nan karatun littattafanki zai yi rana. Mutane labari suke fara saye, gari daga baya.

Ni kuma zan sa ki cikin guruf ɗinmu na Watsap na masu goyo, zan kai wa wata nas da na sani leda biyu kyauta, don bakin nas ɗaya ya fi talla ɗari. Lokacin sa hoto ma ilmi ne. Ƙarfe bakwai na safe nake sawa, lokacin da uwaye suke tsaye a kicin, ruwan kunu a wuta, waya a hannu.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki. Ki ce daga Zamfara, ya isa. Kada sunan Tungar Guru ya fito a ko'ina. Na san garinku ne, amma har yau in aka ambace shi, abin da mutane ke tunawa shi ne shekarar da gubar dalma ta dutsen zinariya ta kashe yara. Ba laifinki ba ne, amma kwastoma ba ya tsayawa jin bayani.

Aiko leda ashirin mu gwada.

Yayarki,
Zubaida

*

Bukkuyum, 2 ga Afrilu, 2017

Yaya Zubaida,

Sallama da fatan kuna lafiya. Haƙoran Faruku biyu sun ƙara fitowa, sai dai cin abinci ya ja baya, kunu kaɗai yake yarda da shi.

Sufyanu ya nuna mini shafin a bakin ƙofa, sabis ya ɗan leƙo. Yaya, hannuna ne a can! Mutum ɗari da sha ɗaya sun so hoton rariyata. Na wuni ina jin kamar ni ce yarinyar nan ta littafi da ta fara da tallan awara ta ƙare da kamfani. Sufyanu ya ce in sauko ƙasa, tuwo na ƙonewa. Amma ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin kaka.

Na bi maganarki, ban ambaci garinmu ba, ko da yake ta ɗan sosa ni. Ƙanena Mamuda yana cikin yaran da aka rasa, shekararsa uku, ni ina da sha biyu. Bari in bar wannan.

Yau na turo miki hoton da na fi so, turmina. Na itacen ƙirya ne, baƙi wuluk, na kakata ne ta bar wa Inna, Inna ta sa mini a kayan ɗaki. A gidanmu haka ake yi, 'yar fari ita ke tafiya da turmi. Na ɗauke shi ta sama don a ga cikinsa, duk ramuka da tabo, bakinsa ya ɓantare wuri uku. Ga abin da za ki rubuta:

“Turmin kakata. Kowane tabo a cikinsa shekarar aure ce, kowane rami yaro ne da ya ƙoshi ya yi barci. Mata uku sun sunkuya a kansa, ni ce ta ukun.”

Sau biyar na sake rubuta shi. In ya yi yawa ki rage, amma kada ki taɓa maganar tabon.

Taki,
Zinatu

*

Kaduna, 20 ga Afrilu, 2017

Zinatu 'yar boko,

Gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Hoton turminki ya zaga gari! Mabiya sun haura dubu, har daga Abuja ana tambaya. Ashirin ɗin farko sun ƙare, talatin ɗin da kika ƙara saura kaɗan. Wata hajiya ta ce ta karanta maganar tabon sai da ta tuna kakarta ta yi hawaye. Aiko arba'in, azumi na tafe.

Kin fara samun 'yan baƙin ciki ma, alamar kasuwa ta buɗe ke nan. Wata mai suna Maimunatu ta rubuta a ƙarƙashin hoton wai ita ma'aikaciyar lafiya ce, ta yi aiki a ƙauyukan Anka da Bukkuyum shekarar da aka yi ta kwashe ƙasar gidaje saboda dalma. Wai hatsi ba ya yi wa turmi irin wannan rauni, dutse ne ke yi. Wai daga wane gari turmin ya fito, kuma an taɓa auna shi? Ji mini mata! A gaban mutum dubu!

Ga darasi na gaba: ba a jayayya a shafi. In kin amsa, magana ta yi tsawo, kowa ya zo kallo. Na goge abin da ta rubuta tun mutum biyar ba su gani ba, na toshe ta, ba za ta ƙara ganinmu ba. Na gaya miki ne kawai don ki san duniyar waya. Kada ki sa a ranki.

A gaida Sufyanu, a ce masa ya shirya zama manaja.

Yayarki,
Zubaida

*

Bukkuyum, 29 ga Afrilu, 2017

Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Kada ki ƙara sayar da ko leda ɗaya. Na sa wannan a farko don kada ki tsaya karanta gaisuwa.

Kin ce kada in sa a raina, amma na kasa. Tun ina yarinya Inna ke cewa turmin yana Gummi wajen goggo a shekarar da aka yi ta dakan dutsen zinariya, kuma na yarda. Da na karanta wasiƙarki na je na sa hannu a cikinsa, na bi ramukan da yatsa. Na leƙa turmin maƙwabciyata, ya girmi nawa, cikinsa sumul.

Na roƙi Sufyanu ya kai ni Tungar Guru. Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, “Inna, turmina yana ina shekarar da Mamuda ya rasu?”

Ta ce, “Mi ya kawo wagga magana yanzu?”

Na ce, “Ina ciyar da 'ya'yan mutane da shi.”

Ta daɗe tana juya ɓawon gyaɗa a hannu. Sannan ta ce, “Nan shike. Ni na daka dutse ciki, damina guda da rani. Kowa na yi, kwano guda na dutse ya hi buhun gero. Mamuda nan shike zama gindinsa shina wasa da tsakuwa.” Ta nuna wurin da haɓa, ba ta kalle shi ba.

Na ce, “Da ma'aikatan nan masu fararen kaya suka zo fa?”

Ta ce, “Sunka kwashe ƙasar gida, sunka ce a hiddo turame da buhunna. Na hiddo musu ƙaramin. Wanga kau na uwata na, ɗiyata. Na sa shi cikin rumbu na zuba maiwa bisa. Na rasa ɗa, in rasa uwa kuma rana guda?”

Ta ce ta wanke shi da toka sau bakwai, ta shanya shi rana, shekara biyar ba ta daka komai a ciki ba sai da aurena ya zo. Ta ce, “Mi ka zama cikin icce shekara biyar?” Tana tambayata ne da gaske, Yaya, so take in ce babu.

Ban sani ba ko akwai. Amma Faruku tun yana wata shida yake shan abin da ya fito daga ramukan nan, ga shi ya kusa shekara ɗaya da rabi, har yau bai ce Inna ba, bai ce Baba ba.

Da muka dawo na ce wa Sufyanu ya je bakin kasuwa ya kira ki. Ya sa wayar a aljihu ya ce ba zai kira ba. Ya ce in maganar ta fita za a ce mun kashe 'ya'yan masu kuɗi, a zo a tafi da shi, kuma babu wanda ya tabbatar da komai. Tsoro yake ji, ba mugunta ba. Lambarki a cikin wayar take, ban haddace ba. Wannan takardar zan ba Tasalla matar Malam Labbo a ɓoye, jibi zai tashi.

Ki nemo matar nan Maimunatu. Ki yafe mini.

Zinatu

*

Kaduna, 14 ga Mayu, 2017

Zinatu,

Lafiya kuwa? Mu dai muna lafiya. Mako uku ba gari, ba takarda, waya a kashe. Labbo ma ban gan shi a tasha ba, an ce tun da aka tare motoci a hanyar Anka ya ajiye tafiya. Wannan na ba wani mai ɗaukar albasa da zai bi ta Gummi.

In wata ce ta zuga ki ta ce za ta fi ni sayar miki, ki faɗa mini kai tsaye. Na san yadda ake yi, mutum na ganin mabiya dubu sai ya ga kamar shi kaɗai ya tara su. Ba haka ake riƙe kwastoma ba. Shiru na kwana uku a shafi kamar rufe shago ne na wata guda.

Don kada shafin ya mutu, na raba sauran garin ƙananan ƙulli na bayar a wani suna a Unguwar Rimi, kowace mai goyo ta ɗauki ɗaya ta gwada. Da hotuna suka ƙare mini kuma, na ɗauki Shamsiyya tana shan kunun, bakinta dumu-dumu, na rubuta cewa abin da nake ba 'yata shi nake sayar wa taku. Wannan ya fi na turmin ma karɓuwa. Ba ƙarya na yi ba, safe da yamma shi take sha, ta ƙi na gwangwani.

Ki amsa mini, ko da fushi kike.

Zubaida

*

Kaduna, 23 ga Mayu, 2017

Zinatu,

Jiya Labbo ya kawo takardarki ta ashirin da tara ga Afrilu. Ta yi kwana ashirin da uku a aljihun motarsa. Na karanta ta a tsaye a tasha, cokalin Shamsiyya yana cikin jakata.

Ba zan ce miki ban ji haushinki ba, da ke da Inna da Sufyanu. Sai na tuna wace ce ta goge tambayar. Matar ta yi magana tun ranar sha tara ga Afrilu, da yatsana na share ta, har ina koya miki.

Na buɗe Maimunatu da na toshe, na ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce mai yiwuwa abin kaɗan ne, mai yiwuwa da yawa, ba a sani sai an auna. Ta ce ki kai turmin da Faruku asibitin masu dalma a Anka, ki daina ba shi kunun yau. An ɗebi jinin Shamsiyya, an ce sai mako guda.

Waɗanda suka saya ta waya ina da lambobinsu. Na sunan nan kuwa, ban san ko su waye ba. Dole a sa a shafi. Maigida ya ce in rufe shafin kawai in yi shiru. Tun safe nake riƙe da waya, na san yadda ake sa mutane su saya, ban san yadda ake cewa su zubar ba. Ke ce mai rubutu. Ki rubuto.

Zubaida

*

Anka, 4 ga Yuni, 2017

Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ya jikin Shamsiyya? Daga asibiti nake rubuto miki.

Wasiƙarki mai labarin hoton Shamsiyya ce ta karya Sufyanu. Na karanta masa, ya tashi ya naɗe turmin a buhu ya ɗaure a bayan mashin, ya ce in rungume Faruku a gaba. Haka muka zo, ni a tsakiya, turmin yana dukan bayana duk ramin da muka faɗa.

Wani ma'aikaci ya kara wata na'ura a cikin ramukan, ya dubi lambar, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya duba. Ba su mayar mini da turmin ba. Na ga an sa shi a baƙar leda an ɗaure. Taɓaryar ma sun ce a kawo.

Jinin Faruku akwai dalma. Sun ce bai kai na yaran wancan lokacin ba, za a ba shi magani na makonni a sake aunawa. Na tambayi likita ko zai yi magana. Ya ce mu yi ta yi masa hira, mu jira. An kai wa Inna labari, ta aiko a ce mini ta ji. Shi ke nan abin da ta aiko.

Na zauna rubuta abin da kika ce. Na fara da “Ya ku uwaye masu daraja, da zuciya mai ƙuna”, na yaga. Sau uku ina yagawa, duk wanda na rubuta sai in ga kaina nake wankewa. Ki sa hoton turmin nan dai, shi suka sani. Ki goge maganar tabon, ki sa wannan:

“In kin sayi Garin Kunun Gida, ko an ba ki ƙulli a suna a Unguwar Rimi, kada ki ba yaro. Ki ɗaure shi ki binne, kada ki ba kaji. An daka shi a wannan turmin. Turmin daga Tungar Guru ya fito, an taɓa daka dutsen zinariya a ciki, an auna an sami dalma. Ki kai yaronki a auna jininsa ko da lafiyarsa ƙalau. Ɗana ma ya sha. Sunana Zinatu, ni na daka.”

Na san kin ce kada sunan garinmu ya fito. Ki bar shi, don wadda ta ji sunan za ta fi saurin tashi.

Ƙanwarki,
Zinatu

*

Kaduna, 16 ga Yuni, 2017

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ya jikin Faruku? Sakamakon jinin Shamsiyya ya fito, akwai dalma amma kaɗan, sun ce ba sai an ba ta magani ba, a dawo bayan wata uku. Na gode wa Allah, sannan na ji kunyar godiyar da na tuna naki.

Na sa shi yadda kika rubuta, ban taɓa ko harafi ba. Zagin da aka yi ba zan kwafo miki ba. An cire ni daga guruf, masu sayen atamfata ma rabi sun gudu. Ban goge ko ɗaya ba, ban toshe kowa ba. Maimunatu tana shiga tana amsa wa masu tambayar inda ake aunawa.

Duk waɗanda suka saya na same su. Na sunan, mai jego ta tuna mata sha huɗu, mun sami tara. Biyar baƙi ne daga dangin miji, babu mai lambarsu. Ƙullin ƙarami ne, wataƙila sun shanye tuni, wataƙila yana cikin wani kwano an manta da shi.

Saboda su ban rufe shafin ba. Kullum ina sake sa hoton, ƙarfe bakwai na safe, kafin ruwa ya tafasa.

Yayarki,
Zubaida